Dodon Koɗin Rasha da Tumatirin Baba

Tun da na dawo daga Tarayyar Sobiyat ban huta da tambaya ba. A majalisar ƙofar gida a tambaye ni, a wurin aiki a tambaye ni, har direban bas ɗin Kura ya taɓa rage gudu don ya ji ko gaskiya ne rana ba ta faɗuwa a can. Kowa nakan ba shi amsa gutsure-gutsure, sai na lura amsoshin sun fara yawo ba tare da ni ba. Kwanan baya wani ya ba ni labari da bakinsa cewa wai na ci naman doki a Mosko. Ban ci ba, a iya sanina. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani. Inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba, kuma ina jin wuraren suna da ɗan yawa.

Sunana Habibu. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin ban ruwa. Da na gama jami'a sai aka riƙe ni ƙaramin malami a sashen da ke nazarin yadda jiki yake aiki, daga nan aka samo mini gurbin 'yan watanni a wani ɗakin bincike a Sobiyat, in koyo yadda ake auna ƙofofin kalsiyam. Bari in yi bayaninsu yadda na yi wa mutanen gida. Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da fata, a jikin fatar kuma akwai ƙofofi irin na kanal, wasu daga cikinsu sinadarin kalsiyam kaɗai suke bari ya shiga. In suka buɗe ya shiga, zuciya ta buga, jijiya ta isar da saƙo. In suka ƙi buɗewa, aiki ya tsaya.

Da a nan na tsaya da bayani da na tafi hankalina kwance. To amma akwai maganar tumatirin Baba.

Mahaifina, Malam Inuwa, da tumatir aka san shi tun da aka kawo ruwa yankinmu. Rani biyu a jere tumatirinsa ya yi baƙin gindi: ta sama ka gan shi ja sumul, ka juya shi ka tarar da ƙasan ya yi baƙi ya lotsa. Masu saye su ɗaga kwando su leƙa su ajiye. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce ba tsutsa ba ce, rashin kalsiyam ne, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Saboda haka ranar da na ambaci kalmar a zaure, sai Baba ya ajiye carbinsa.

"Me ka ce za ka koyo?"

"Ƙofofin kalsiyam, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ashe ciwon tumatirina za ka je ka karanto."

Abin da ya kamata in ce shi ne a'a. Amma ni tun ina yaro ban iya faɗin a'a kai tsaye ba, ban kuma iya faɗin i ba. Na ce, "To, ba shi ba ne daidai, amma wataƙila ba za a rasa wata alaƙa ba."

Baba bai ji "wataƙila" ɗin ba. Ya juya wajen ƙaninsa, Baffa Sule, wanda ya daɗe yana matsa masa ya bar masa gonar ya zuba alkama, tunda gwamnati ta hana shigo da ita kowa ya koma can. Ya nuna ni ya ce, "Sule, ka ji. A jira Malam ya dawo. In ya zo da magani, in zuba iri. In ya zo hannu biyu, gona taka ce, ni in zauna a gida in riƙa jin rediyo."

Baffa ya dube ni ya yi murmushi. "Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Kada ka takura kanka."

Da wannan kaya na tashi.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Da na shiga yi mata sallama sai ta juya tana kallon randa, ta ce, "A gaya wa mai tafiya, ƙasar da za shi an ce ba su san Allah ba. Duk abin da zai sa wa hannu, abinci ne ko aiki, ya yi masa addu'a ya tofa." Na ce in sha Allahu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kowa ya ce mini Rasha sanyi ne mai kashe mutum, don haka na je wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai na sayi wani kwat mai nauyin buhun gero. A filin jirgin Kano aka ce jakata ta yi nauyi, sai na saka kwat ɗin a jikina. Ba wanda ya gaya mini cewa su ma suna da lokacin zafi, kuma a cikinsa zan sauka. Na fito daga jirgi a Mosko ina naɗe kamar mai zazzaɓi, na tarar da mutane da 'yan riguna marasa hannu suna shan askirim.

Jami'in da ke duba fasfo yaro ne matashi. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya koma hoton, ya daɗe yana haka har ni ma na fara shakkar ko ni ne. Daga nan aka wuce da ni wurin buɗe kaya. Kilishi suka fara ɗaukewa, ba gardama. Garin kuka ya tayar musu da hankali, sai da aka kira wani babba ya lasa, ya yamutsa fuska, ya mayar mini. Daddawa kuwa da ya kwance ƙullin sai ya miƙo mini ita daga nesa, ya yi alama in ɗaure da kaina. Can ƙasan jaka ya ciro wani ƙunshi na takardar siminti yana ɗiga. Ban san da shi ba. Ashe Baba ne ya cusa mini tumatirinsa masu baƙin gindi don in nuna wa malaman can, sun fashe a hanya sun jiƙa mini riguna. Na yi ta bayani da Turanci, jami'in yana kallona. Da na ce "kalsiyam" sai fuskarsa ta saki, ashe kalmar kusan ɗaya ce a bakinsu. Ya maimaita ta, ya nuna tumatirin, ya nuna ni, ya yi dariya, ya jefa ƙunshin a kwandon shara. Shaidar Baba a nan ta ƙare.

Garin da zan zauna yana kudu da Mosko, tafiyar jirgin ƙasa. Aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani tsoho da matarsa. Tun daga tasha na lura mutanen ƙasar ba sa gaisawa da wanda ba su sani ba. Na yi ta ɗaga wa mutane hannu a layin jirgi, suna matsawa gefe, daga baya aka gaya mini sun zaci na sha ne. Amma da jirgi ya tashi, tsohuwar nan ta shimfiɗa jarida ta baje dafaffen ƙwai da kokwamba da baƙin burodi, sai na ga wasu mutane dabam. A wurinmu baƙo yakan ce ya ƙoshi sau ɗaya ko biyu kafin ya sa hannu. A wurinsu ba a jiran wannan, ana danƙa maka ne kawai. Wani jan nama da aka naɗe kamar igiya shi ya ba ni tsoro. Ba ni da kalmar tambaya, don haka na nuna shi na yi gurnanin alade. Tsohon ya girgiza kai, ya kafa yatsu a goshi ya yi kukan sa. Har na miƙa hannu, sai ya ɗan yi tunani, ya ƙara da ɗan gajeren gurnani. Na janye hannuna. Muka yi ta dariya har mai kula da taragu ta leƙo, ta kawo mana shayi a kofin gilas mai mariƙin ƙarfe.

Masaukina gidan ɗalibai ne, a bakin ƙofa akwai wata dattijuwa mai riƙe da makullai wadda ba abin da ke wuce ta, irin tsofaffin nan na gidan biki. Abokin ɗakina ɗan Yaman ne, Abdulƙadir, shi ya nuna mini alƙibla da shagon da ake samun kifin gwangwani. Shi ya koya mini cewa in na ga layi in shiga tukuna, in tambayi abin da ake sayarwa daga baya. Na bi shawararsa sau ɗaya, na kai gaba na tarar takalman yara ne, na saya duk da haka don kada tsayuwar ta tashi a banza. Abinci kuwa kabeji ne da dankali, sai wata jar miya da ake ɗiga mata kindirmo. Ranar da na kaɗa miyar kuka da daddawa a kicin ɗin gidan, dattijuwar ta hawo bene da kanta tana neman abin da ya mutu. Batun rana kuma, tana faɗuwa, sai dai takan yi nauyin jiki. Lokacin da a gida an daɗe da yin isha'i, can yara na wasa a waje da haskensu.

Shugaban ɗakin binciken, Farfesa Anton, dogo ne mai Turancin littafi. Mai haɗa ruwan gwaji da kula da kayan aiki wata mace ce mai jiki, Zoya, wadda tun ranar farko ta karɓe kwat ɗina ta rataye ta ce kada ta ƙara ganinsa. Na sa mata suna Gwaggo, ta tambayi ma'anarsa, ta ce ta karɓa. Suka kai ni wani ɗaki mai sanyi suka nuna mini dabbobin da za mu yi aiki da su. Dodon koɗi ne, akwatuna cike, ana ba su kabeji kamar ana kiwon tumaki. Na ce musu a garinmu na cikin kanal gudunsa ake yi saboda tsargiya. Farfesa ya ce wannan na tudu ne, kuma ƙwayoyin jijiyarsa manya ne, shi ya sa masu bincike suke ƙaunarsa.

Aikin ga yadda yake. A ciro ƙwaya ɗaya daga jijiyar dodon koɗi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, a sa ta a wani ɗan faranti mai ɗaukar ruwan da bai kai cokalin shayi ba. Ruwan gishiri ne mai kalsiyam a ciki. Sai a kawo wani tsinken gilas mai rami a manna wa ƙwayar, a ɗan taɓa ta da lantarki. In ƙofofin suka buɗe kalsiyam ya shiga, wani koren layi a fuskar na'ura mai kama da talabijin zai nutsa ƙasa ya dawo. Zurfin nutsewar shi ne yawan abin da ya shiga. Gwaggo Zoya ta yi a gabana, layi ya nutsa kamar guga a rijiya.

Hannuna bai ba ni kunya ba, na iya ciro ƙwayar da wuri. Amma layina ba ya nutsewa. Ya ɗan duƙa kaɗan kamar mai gaisuwar dole, ya miƙe. Aka canja mini tsinken gilas. Aka canja dodon koɗi. Aka mayar da ni kan na'urar Gwaggo, ita ta koma tawa: nata ya nutsa, nawa ya ƙi. Ruwa ɗaya muke ɗiba daga kwalba ɗaya. Makonni suka wuce a haka, har wata rana Farfesa ya kira ni ya ce, cikin ladabi, in abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata, gara in koma laburare in ƙarasa zamana da karatu, don akwai masu jiran na'urar. Na fito ina ganin Baffa Sule yana auna gonar Baba da ƙafa. In ban iya auna ƙofar dodon koɗi ba, da wane baki zan tambayi maganin tumatir?

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina cika umarnin Inna. Duk ƙwayar da na sa a faranti, sai in faki ido, in sunkuya dab da ruwan kamar ina duba wani abu, in yi addu'a in tofa. A ɓoye nake yi, don an ce mini hukumar ƙasar ba ta son addini, ban kuma san iyakar rashin son ba. Da farko bisimilla ce kawai. Da layi ya ƙi nutsewa sai na ƙara Fatiha. Da Farfesa ya yi maganar laburare sai na haɗa da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, kowacce da tofinta, bakina a kan farantin. Ina ƙara addu'a, layi yana ƙara ƙanƙancewa, ni kuma ina ganin ƙarancin addu'ar ne.

Wata safiya ina tsakiyar tofi sai na ji inuwa a kaina. Gwaggo Zoya ce, hannu a ƙugu.

"Habib. Me kake yi wa ruwana?"

Na ce, "Ba komai, Gwaggo. Wato, ba wani abu ba ne sosai."

"Kullum kana yin wannan?"

"Ba zan ce kullum ba. Amma ban tuna ranar da ban yi ba."

Ta ƙwala wa Farfesa kira. Ni dai na gama sallamawa, ina tunanin ko za a bar ni in ɗauki kwat ɗina kafin a kai ni filin jirgi. Ta ɗauko wata 'yar kwalba ta ɗiga jan ruwa a sabon faranti, ruwan ya yi ja. Ta ce, "Yi yadda kake yi. Duka. Kada ka rage."

Na sunkuya na karanta, na tofa. Kafin in kai Nasi ruwan ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo, ya doshi rawaya.

Farfesa ya zauna a kan kujera ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya samu numfashi sai ya yi mini bayani. Iskar da mutum ke fitarwa in ta narke a ruwa tana sa shi tsami, jan maganin nan kuma tsami yake nunawa. Yawanci akan sa wa ruwan gwaji wani sinadari mai tare tsami, amma a wannan ruwan kaɗan suka sa da gangan, saboda wani gwaji da suke shirin yi nan gaba. Ruwan kuma bai kai cokali ba. Ƙofofin kalsiyam ba sa son tsami: abin da ke kawo tsamin yakan je ya zauna a bakin ƙofar, wurin da kalsiyam zai kama ya wuce, ya tare hanya. Ya ce, "Gwajin da muke shirin yi da kaka, kai ka yi wata guda kana yin sa da baki."

Na tambaya a hankali ko za a kai maganar gaba. Gwaggo ta ce, "Wace magana?" Ta juya kanta ta kafaɗar hagu ta yi tuf, tuf, tuf, sau uku. Ashe su ma suna da nasu, na korar mugun baki da mugun ido, ta ce kakarta ta koya mata. "Ka yi addu'arka, amma ka juya kai gefe kamar mutane. Ba a cikin ruwana ba." Farfesa ya yi kamar bai gani ba, amma na ga ya ƙwanƙwasa katakon tebur da yatsa, shi ma nasa maganin bakin ke nan. Na so in bayyana mata cewa nawa da nata ba ɗaya ba ne, sai na ga ba ranar ba ce.

Ranar na yi addu'ata fuska na kallon taga, na taɓa ƙwayar da lantarki, layi ya nutsa har na ji kamar in yi guɗa.

Maganar laburare ta mutu. Farfesa ya ce tunda ni na fara, ni zan ci gaba, sai dai yanzu da awo. Muka riƙa ƙara tsami kaɗan-kaɗan, layi yana raguwa. In muka wanke da ruwa mai kyau ya dawo. In ruwan na da tsami muka ƙara masa kalsiyam, layin yakan farfaɗo, ko da bai kai na da ba, kamar dai su biyun suna turereniya ne a bakin ƙofa ɗaya. Wani abin da ya burge ni kuma, in kalsiyam ya taru da yawa a cikin ƙwayar, ƙofofin da kansu suke rufewa, yadda manomi ke toshe bakin fangali in ya cika. Abin da ya zauna mini a kai shi ne wannan: kalsiyam yana iya kasancewa a wuri, amma tsami ya hana shi shiga inda ake bukatarsa.

Da wannan na samu ƙarfin halin ba Farfesa labarin Baba da Baffa da gonar. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Dodon koɗi ba tumatir ba ne. Kada ka je ka ce ni na ce." Amma ranar Lahadi ya ɗauke ni a 'yar motarsa zuwa bayan gari. Ashe kusan kowa a garin yana da ɗan lambu da 'yar bukkar katako, har manyan malamai, can suke yini da gajeren wando suna cire ciyawa. Na yi ƙoƙarin hango wani farfesa namu a haka, ban iya ba. Ya nuna mini tumatirinsa, ya ce shi ma baƙin gindi ya taɓa kama shi. Ya ce a tsiro hanyar ta bambanta, amma akwai abu biyu da zan duba. Na farko, farin takin zamani in ya yi yawa shekara da shekaru yakan sa ƙasa tsami, saiwa ta kasa jan kalsiyam sosai. Na biyu, kalsiyam a cikin tsiro da ruwa yake tafiya, gindin tumatir kuma shi ne ƙarshen hanya. In ana cika fangali a bar shi ya bushe ƙaƙas kafin a sake, gindin ne zai rasa. Ya ce, "Ka auna kafin ka yi magana." Wannan shawara ta dace da halina.

Ranar tafiyata Gwaggo ta ba ni naɗin wata siririyar takarda mai canja launi in ta taɓa tsami, da kwalbar kokwamba mai gishiri. Na ɗauki jaka zan fita sai ta ce kowa ya zauna. Muka zauna shiru na ɗan lokaci, ni da ita da Farfesa da Abdulƙadir, a kan jaka da gefen gado. Al'adarsu ce kafin tafiya. Ban san abin da su suke yi a cikin shirun ba, ni dai addu'ar tafiya na karanta. Kwat ɗin na bar wa Abdulƙadir, shi zai ga sanyin.

Na iso gida ƙarshen damina, ana shirin zuba irin tumatir. Bayan gaisuwa da shan ruwa, Baba ya dubi jakata ya ce, "To Malam, ina maganin?" Baffa Sule yana gefe. Na ciro naɗin takardar. Baffa ya karɓa ya jujjuya. "Wannan a jiƙa za a yi a sha, ko a rataya?"

Washegari muka je gona. Na ɗebi ƙasa daga tsakiyar fangali na dama da ruwa a kwano, na ɗebi wata daga bakin gona inda taki ba ya kaiwa na dama a wani. Na tsoma takarda a kowanne. Ta bakin gona ta ɗan canja kaɗan, ta tsakiya ta yi ruwan lemo sosai. Na tambayi Baba yadda yake zuba farin taki. Ya ce tun da ciwon ya fara ya ninka shi, don yana ganin yunwa ce ke damun tumatirin. Ban yi dariya ba. Na san wani da ya yi irin wannan da Fatiha.

Na ce a rage farin taki, a nemo takin zamanin nan da ake kira "kan", mai kalsiyam a ciki, a zuba toka da takin gida kafin dashe, a kuma riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai maimakon a cika a tafi.

Baba ya ce, "In an yi haka zai warke?"

"Ina sa rai. Wato, akwai alama. Amma ba zan ce tabbas ba."

Baffa ya ce, "Ka ji ko, Yaya? Har Rasha aka je aka dawo da wataƙila."

Baba ya dubi kwanukan nan biyu. Sannan ya ce, "Shi wannan ko sunansa ka tambaye shi ba zai ce tabbas ba. Amma takardar ta ce wani abu." Ya raba gonar biyu, rabi yadda na ce, rabi yadda ya saba, ya ce wa Baffa ya ba shi rani ɗaya. Inna ta tara mana tokar unguwa kaf. Batun ruwa ya fi wuya, don kowa da ranarsa a kanal, sai da Baba ya shirya da maƙwabcinsa suka riƙa raba ranakunsu. Ranar zuba iri na ga Baba ya tara irin a tafin hannu ya yi addu'a zai tofa, sai ya tsaya ya dube ni, don na riga na ba shi labarin. Na ce, "Tofa, Baba. Nan fili ne, iska za ta kwashe. Ina jin."

Da aka fara tsinka, rabin da aka yi wa toka bai rasa baƙin gindi ba, amma sai ka tona kwando kafin ka samu. Ɗaya rabin kuwa kamar bara. Wanne ne ya yi aikin, tokar ce ko takin ko ruwan, ban sani ba, don duka muka canja lokaci ɗaya, abin da Farfesa ba zai yafe mini ba. Masu saye dai sun ɗaga kwando sun leƙa sun ɗora a mota. Baffa Sule ya samu wata gonar ya zuba alkamarsa, yanzu kuma shi ke aiko yara neman toka, wai ta wanke tukunya ce.

Inna ce kaɗai ban ba labarin tofin ba, ina jin nauyin ta ji cewa umarninta ya kusa sa a kore ni daga na'ura. Ashe Baba ya riga ya kai mata. Ranar da motar farko ta tashi da kwandunansa na shiga gaishe ta, ta juya tana kallon randa.

"A tambayi mai tafiya," in ji ta, "da bai tofa ba, da me zai dawo da shi?"

Na buɗe baki zan yi bayanin iskar numfashi da tsami da bakin ƙofa. Na auna maganar ta kowane gefe, yadda aka koya mini, ban ga inda ta yi kuskure ba.

Na ce, "Da takalman yara, Inna. Wannan kam tabbas."